Ƙaramin Lasisi ko Babba: Wanne Ya Dace da Mai Son Tuƙa Jirgin Sama Don Nishaɗi a Amurka?

A Amurka akwai filayen jirgin sama kusan 5,000 da kowa ke da izinin sauka a cikinsu, amma waɗanda jiragen fasinja ke zuwa kimanin 500 ne kawai. Sauran duk na ƙananan jirage ne. Titi ɗaya na kwalta, wani wurin ma ciyawa ce aka aske, ga famfon mai da ke karɓar katin banki, ga wata jaka mai kama da safa a kan sanda tana nuna inda iska ta dosa. Yawancinsu ba su da hasumiya, balle wanda zai ce maka tashi ko tsaya. Ranar da gari ya yi garau, mutum zai fito da jirgi, ya zagaya shi ya duba mai da fikafikai, ya faɗa a rediyo cewa ga shi nan zai tashi don waɗanda ke kusa su sani, ya kama hanyarsa. Bai cike takarda ba, bai nemi izinin kowa ba. Wannan shi ne 'yancin da matuƙan nishaɗi ke magana a kai, har suna da tsokanar da suke yi wa kansu, cewa sun tafi cin sanwicin dala ɗari, wato mutum ya ƙona man jirgi zuwa wani gari don kawai ya ci abincin rana ya dawo.

Ɗan'uwanmu da ke zaune a can, yana da aikinsa, yana da ɗan abin da ya rage masa a ƙarshen wata, kuma tun yana yaro yake ɗaga kai in ya ji ƙarar jirgi, idan ya shiga makarantar tuƙi zai tarar da ƙofofi biyu. Hukumar jiragen sama ta ƙasar, FAA, tana ba da lasisin da ake kira Sport Pilot, wanda a nan zan riƙa ce masa ƙaramin lasisi, da kuma Private Pilot, wanda zan ce masa babba. Akwai na uku a tsakaninsu mai awa 30, amma masu riƙe da shi 'yan ƙalilan ne, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Haka ma ƙananan jiragen nan masu kujera ɗaya da ba su wuce kilo 115 ba, masu tankin lita 19, waɗanda doka ta yarda a tuƙa su ba lasisi sam. Wannan wata duniya ce daban, kuma wanda ya hau ɗaya ba tare da malami ya koya masa ba, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Abin da ake fara nuna wa ɗalibi shi ne yawan awoyi. Ƙaramin lasisi, wanda aka ƙirƙiro a 2004, yana buƙatar awa 20 a sama: 15 tare da malami, 5 kai kaɗai. Babba yana buƙatar awa 40, daga ciki aƙalla 20 da malami, 10 kai kaɗai. A cikin waɗannan akwai awa 3 na dare, da tashi da sauka sau 10 cikin duhu, da awa 3 da za a rufe maka gani da wani irin tabarau don ka tuƙa da na'urorin da ke gabanka kawai. Akwai kuma doguwar tafiya kai kaɗai ta kimanin kilomita 280, ka sauka a filaye uku. Ta ƙaramin lasisi rabin wannan ce, kusan kilomita 140. Jarrabawar rubutu tambaya 40 ce a ƙarami, 60 a babba, kuma a duka biyun sai ka ci kashi 70 cikin ɗari. Shekarun ma ɗaya ne: 16 ka tashi kai kaɗai, 17 ka karɓi lasisi.

Sai dai waɗannan alƙaluma mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi ne. Masu neman babban lasisi galibi sukan kai awa 60 zuwa 75 kafin malami ya amince ya tura su jarrabawa, kuma da wuya ka ga wanda ya gama ƙarami a awa 20 cif. Dalili kuwa, abin da ke cin lokaci a koyon tuƙi iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, wato sauka. Tashi ba wuya, jirgi da kansa yake son tashi. Amma ka kawo shi kan titi daidai, iska na bugo shi daga gefe, ka ɗaga hancinsa a daidai lokacin da ya kamata, wannan hannu ne yake koya, kuma hannu bai san wane lasisi kake nema ba. Wanda ke zuwa sau ɗaya a mako biyu zai riƙa biyan kuɗi yana maimaita darasin da ya manta. Wanda ke zuwa sau biyu ko uku a mako shi ne zai gama kusa da abin da aka rubuta.

Mu yi lissafi a misalce. A ce hayar jirgi da mai dala 170 ce a awa, malami kuma dala 60, farashin da ba baƙo ba ne a makarantu da yawa a 'yan shekarun nan. Awa 35 ta kama kusan dala 8,000, awa 65 kuma kusan 15,000. Ka ɗora littattafai, da abin sawa a kunne, da kuɗin mai jarrabawa wanda ɗaruruwan daloli ne, a wasu jihohin har yakan kai dubu. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma duk wanda ya ce maka ba komai ba ce, ba daga aljihunsa za ta fita ba.

Da a ce shekara biyar da suka wuce ake wannan magana, da na ce araha ba ta ado. A lokacin, mai ƙaramin lasisi ba ya tuƙa jirgin da nauyinsa da kaya da mutane ya wuce kilo 600, ko mai kujera fiye da biyu, ko mai gudun da ya wuce kimanin kilomita 220 a awa. Wannan ƙa'ida ta fitar da Cessna 172, jirgin da aka fara ƙerawa a 1956 kuma aka yi fiye da 44,000, wanda kusan kowace makaranta take da shi. Har ƙaninsa Cessna 152 mai kujera biyu ya yi nauyi. Abin da ya rage shi ne tsoffin jirage irin su Piper Cub da wasu sababbi marasa nauyi, kuma makarantu da dama ba su ajiye ko ɗaya ba. Mutum zai samu lasisi cikin sauƙi, ya rasa jirgin haya a garinsu. Ga shi kuma idan kai da malaminka kun ɗan yi jiki, sai an rage mai kafin ku tashi.

A watan Yulin 2025, wurin babban taron jirage na shekara-shekara a Oshkosh ta jihar Wisconsin, aka sanar da sabuwar doka mai suna MOSAIC, ɓangarenta da ya shafi matuƙa kuma ya fara aiki a Oktoban 2025. An cire iyakar nauyi gaba ɗaya. Yanzu abin da ake dubawa shi ne mafi ƙarancin gudun da fiffike ke iya riƙe jirgi a iska: idan bai wuce kimanin kilomita 109 a awa ba, kuma kujerun ba su wuce huɗu ba, mai ƙaramin lasisi zai iya tuƙa shi. Da wannan yawancin nau'o'in Cessna 172 suka shigo. An kuma buɗe masa ƙofar tashin dare, idan ya yi ƙarin horo kuma ya cika sharaɗin lafiya. Saboda haka duk shawarar da ka karanta a intanet da aka rubuta kafin 2025, ka sake duba ta da kyau kafin ka yi aiki da ita, domin rabin hujjarta ta tsufa.

Abin da bai canza ba shi ne fasinja. Ko kujera huɗu ce a jirgin, mutum ɗaya tak mai ƙaramin lasisi zai ɗauka. A nan ne maigida zai tsaya ya yi tunani. Idan burinka ka ɗauki uwargida da yara biyu ku je ziyara wata jiha ranar Asabar, ƙarami ba naka ba ne. Amma kada kujeru su ruɗe ka ko da babban lasisin. Cessna 172 na zamani na ɗaukar kusan kilo 400 ne duka-duka, kuma in aka cika tanki, man kaɗai ya cinye kimanin kilo 145. Abin da ya saura bai fi manya uku ba, su ma ba masu jakunkuna irin namu na tafiya gida ba. Kuma a gaskiya, yawancin tashin da matuƙin nishaɗi ke yi, shi kaɗai ne ko da aboki ɗaya. Iyali sukan yi ɗoki a karon farko da na biyu, ranar da iskar rana ta jijjiga su har wani ya nemi leda, sai ɗokin ya ragu.

Akwai wasu iyakokin da ke kan ƙarami. Ba ya wuce ƙafa 10,000 daga matakin teku, sai dai in yana kan tsaunuka, inda aka yarda ya kai ƙafa 2,000 sama da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Dole ya riƙa ganin ƙasa, kuma ganinsa ya kai kusan kilomita 5. Filayen da ke da hasumiya sai malami ya koya masa magana da masu kula da zirga-zirga ya sa masa hannu a littafi, abin da mai babban lasisi ya riga ya yi a cikin karatunsa. Sannan akwai maganar kasuwanci. Dukansu biyu ba a biyansu ladan tuƙi, iyaka fasinja ya taimaka da kasonsa na mai da haya. Amma mai babba zai iya tuƙa kansa zuwa wajen taron aikinsa ko ganin abokin ciniki, mai ƙarami kuwa doka ta hana shi duk tafiyar da ta shafi sana'a.

Yanzu ga wurin da na fi so mai karatu ya nutsu, wato gwajin lafiya, domin a nan ne mutane ke rufe wa kansu ƙofa da hannunsu. Babban lasisi yana buƙatar takardar lafiya mai daraja ta uku daga likitan da FAA ta amince da shi. Tana aiki shekara 5 ga wanda bai kai 40 ba, shekara 2 ga wanda ya kai. Ƙarami kuwa, in da rana za ka tashi, lasisin tuƙin mota na Amurka ya wadatar. Tarkon shi ne: idan ka nemi takardar likitan aka hana ka, to ka rasa duka biyun, lasisin motar ma ba zai ƙara tsaya maka ba har sai an warware matsalar. Mutumin da ke da ciwon suga, ko ya taɓa samun matsalar zuciya, ko yana shan wasu magungunan damuwa, ko an taɓa kama shi da laifin tuƙi cikin maye, idan ya shiga ofishin likitan kai tsaye ya cike fom, yana iya shafe watanni yana aika takardu, wani ma ya ƙare da hani. Da bai nema ba tun farko, kuma shi da likitansa sun san lafiyarsa ta isa, da ya tuƙa da ƙaramin lasisi ba wanda ya ce masa uffan. Hawan jinin da magani ya daidaita galibi ba ya hana samun takardar. Dabarar da tsofaffin matuƙa ke ba sababbi ita ce ka nemi ganawar shawara da irin wannan likita kafin ka buɗe fom a hukumance, ka baje masa tarihin lafiyarka, ya faɗa maka inda za ka tsaya. Tun 2017 akwai kuma tsarin BasicMed, wanda ke ba wanda ya taɓa samun takardar damar ci gaba da zuwa wurin likitansa na yau da kullum duk shekara 4, da ɗan kwas a intanet duk shekara 2. Amma sai ka haye gwajin farkon tukuna.

Wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama na dindindin, sai hukumar tsaron sufuri ta TSA ta tantance shi ta ɗauki hoton yatsunsa kafin ya fara darasi. Wannan ya samo asali ne daga harin 11 ga Satumbar 2001, kuma ya hau kan lasisin biyu daidai wa daida.

Sai tambayar da Ba'amurke ba ya yi wa kansa, amma mu dole mu yi: ina za ka kasance nan da shekara goma? A jikin ƙaramin lasisi an rubuta ƙarara cewa mai shi bai cika sharuɗɗan hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ba. Ba ya fita da shi wajen Amurka sai ƙasar da za shi ta ba shi izini na musamman. Bahamas tana karɓa, amma wannan alfarma ce tata. Babban lasisi kuwa an gina shi a kan ma'aunin ICAO na awa 40, shi ya sa hukumomin wasu ƙasashe, har da NCAA ta Najeriya, ke da hanyar duba irinsa su amince da shi ko su musanya shi da nasu bayan an cika sharuɗɗansu. Wanda ke da niyyar komawa gida wata rana, ƙaramin lasisi zai zame masa abin ajiyewa a bango.

Ko da babban ma, gara mutum ya san cewa 'yancin da ya saba da shi a can ba zai biyo shi cikin jaka ba. Muna da tarihi da jirgi, tun 1925 jiragen sojan Ingila suka fara sauka a Kano, kuma Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya tana horar da matuƙa tun bayan kafa ta a 1964. Amma ƙananan filaye da jiragen haya na nishaɗi kaɗan ne ƙwarai, kuma shuɗin fetur ɗin da injin Cessna ke sha yana da wuyar samu, abin da ya sa jiragen Diamond masu shan kananzir ɗin manyan jirage suka fi dacewa da makarantun nan. Sannan ga hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da gani a Kano ko Maiduguri ke faɗuwa ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jirage su kasa sauka, alhali matuƙin da ke tafiya da ido yana buƙatar kilomita 5. Hazo kuma mugun abu ne ga ƙaramin jirgi, domin yana shafe layin da ya raba sama da ƙasa. Idan ido ya rasa wannan layin, cikin kunne sai ya fara yi wa mutum ƙarya, ya ji kamar yana tafiya daidai alhali jirgin ya karkata yana gangarawa. Abin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ke nan a daren 16 ga Yulin 1999, shi da matarsa da 'yar'uwarta, a kan teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard. Yana da babban lasisi, amma bai kammala horon tuƙi da na'ura ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a wannan sana'ar karin maganar ba ta buƙatar fassara.

Wannan horon na tuƙi da na'ura shi ne babbar hujjar babban lasisi. Ƙari ne da ake ɗorawa a kansa, mai buƙatar awa 40 na tuƙi ba tare da kallon waje ba, kuma shi ke ba mutum damar shiga gajimare ya fito lafiya. Ba a ɗora shi a kan ƙarami. Haka lasisin aiki mai awa 250, ga wanda nishaɗin ya rikiɗe masa ya zama sana'a, ta kan babba ake bi.

Ga yadda nake gani. Mutumin da ya haura hamsin, ya kafu a Amurka, yana da ɗan abin da likita zai tsaya a kai, kuma abin da yake so shi ne ya tashi da hantsin Asabar ya kalli gonaki da koguna ya dawo kafin la'asar, ya ɗauki ƙarami, bai yi asarar komai ba, musamman bayan dokar 2025. Matashi mai lafiya, ko mai iyalin da yake son ɗauka, ko wanda zuciyarsa ke gida, ya daure ya yi babba. Wanda kuma kuɗi ne kawai ya tsaya masa, yana iya farawa da ƙarami ya hau babba daga baya, da sharaɗi ɗaya: ya tambayi makaranta tun ranar farko ko malamin da za a ba shi cikakken malami ne ko mai koyar da ƙaramin lasisi kaɗai. Awoyin cikakken malami ana lissafa su gaba ɗaya idan ka zo hawa, kuma yanzu da ake iya koyon duka biyun a jirgi iri ɗaya, wannan hanya ta ƙara sauƙi. Illarta ita ce za ka biya mai jarrabawa sau biyu.

Lasisin kansa ba ya ƙarewa, amma izinin amfani da shi yana da sharaɗi, kuma a nan ƙarami da babba duk ɗaya ne. Duk wata 24 sai ka zauna da malami awa ɗaya a ƙasa, awa ɗaya a sama. Kafin ka ɗauki fasinja, sai ka yi tashi da sauka sau uku a cikin kwana 90 da suka wuce. Wannan na doka ne. Na hankali ya fi haka, domin wanda ke tashi sau ɗaya a wata uku hannunsa ya riga ya yi sanyi. A kan farashin da muka yi misali da shi, awa uku a wata ta haura dala 6,000 a shekara, kowace shekara. Mutane da yawa sukan tara kuɗin lasisi tsaf, su manta da wannan, sai katin ya kwanta a walat.

Shi ya sa kafin ka zaɓi lasisi, ya kamata ka je filin da ya fi kusa da gidanka ka ga abin da ke ajiye a wurin. Ka tambaya ko akwai kulob, inda mutum goma ko ashirin ke tarayya a jirgi ɗaya ko biyu, kowa na biyan kuɗin wata don inshora da rumfa da binciken shekara, sannan ya biya awoyin da ya tashi a farashin da ya fi na haya sauƙi. Ka tambaya ko inshorar kulob ɗin ta yarda mai ƙaramin lasisi ya ɗauki jirginsu, domin doka na iya yarda kamfanin inshora ya ƙi. Sannan ka biya kuɗin tashin gwaji, wanda kusan kowace makaranta take yi, malami ya miƙa maka sitiyari na ɗan lokaci. In da hali ka zaɓi tsakar rana lokacin zafi, sa'ad da iska ke tasowa daga ƙasa tana wasa da jirgi, domin a nan ne za ka san ko cikinka ya yarda da abin da zuciyarka ke so.